Fayilolin Backup_of da .bak sun cika diski: wanne ake gogewa, wanne ake bari?

Tambaya: Wani mai shagon ɗab'i kusa da Babbar Kasuwar Maradi ya rubuto cewa diskin kwamfutar shagonsa, SSD mai giga 256, ya cika har layin ya yi ja, Photoshop ma ya ƙi tashi. Shi yana aikin banderol (babban kyallen talla da ake ratayewa), katin aure da kalanda da CorelDRAW, ƙanensa kuma yana zanen gidaje da AutoCAD da ArchiCAD a kan kwamfutar ɗaya. Duk foldar da ya buɗe sai ya tarar da fayiloli masu farawa da Backup_of, da wasu masu ƙarewa da .bak da .bpn. Yana so ya san ko zai iya tattara su ya goge gaba ɗaya.

Amsa:

Malam, sannu da aiki, Allah ya kawo kasuwa. Mafi yawan waɗannan fayiloli za su tafi ba tare da ka yi asarar komai ba. Sai dai a cikinsu akwai ƴan kaɗan waɗanda su kaɗai suka rage daga aikin wani, kuma da ido ba ka bambanta su da sauran. Saboda waɗannan ƴan kaɗan ɗin ne ba a goge su rana ɗaya: kwashe su ake fara yi zuwa wani diski, a bari su yi wata guda, sannan a goge.

Bari mu fara da Corel, tunda shi ne naka. Duk lokacin da ka danna Ctrl+S a kan fayil ɗin da ka riga ka taɓa adanawa, kafin Corel ya rubuta sabon aikin sai ya ɗauki tsohon ya ajiye gefe da suna Backup_of_ haɗe da sunan fayil ɗin, a folda ɗaya da na asali. Idan kana da kalanda.cdr, za ka sami Backup_of_kalanda.cdr kusa da shi, girmansu kusan ɗaya. Idan Corel ɗinka na Faransanci ne, wannan gaban sunan da Faransanci zai fito. Ka duba fayil ɗaya ka kwafe yadda aka rubuta shi harafi da harafi, don za ka buƙace shi nan gaba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan kwafi taki ɗaya kawai yake riƙewa. Ka ce yaron shago ya goge shafin baya na kalanda bisa kuskure ya danna Ctrl+S: a wannan lokacin shafin yana nan lafiya cikin Backup_of. Da ya sake danna Ctrl+S karo na biyu, kwafi mai kyau ya tafi, marar shafin ya maye gurbinsa. Don haka amfanin Backup_of na awa ɗaya ne ko kwana ɗaya, lokacin da aiki ke hannu. Kalandar da aka buga tun bara, mai ita ya karɓa ya biya, kwafinta na baya ba ya tsare komai, wuri kawai yake ci.

Corel yana da wani kwafi na biyu, na ko-ta-kwana, mai suna AutoBackup_of_. Wannan shi da kansa yake yin sa, lokaci-lokaci bisa mintunan da aka saita masa, yana jefa shi cikin foldar wucin gadi ta Windows. In ka rufe Corel lafiya, sai ya share shi. In wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta daskare, sai ya rage, kuma da ka sake buɗe Corel zai tambaye ka ko ya dawo da shi. Nan ake yin ɓarna: wanda ya ƙi karɓa cikin gaggawa, ya yi wani aiki, ya rufe Corel, ya ba shi izinin goge kwafin ke nan.

Na ƙanenka ma tsarin ɗaya ne da sunaye daban. AutoCAD yana barin gida.bak kusa da gida.dwg, kuma .bak ɗin zane ne cikakke. Canza ƙarshen sunan zuwa .dwg, sai ya buɗe. Na ko-ta-kwanansa yana ƙarewa da .sv$, ana yin sa kowane minti 10, yana zaune a foldar wucin gadi, sunansa sunan zanen ne da jerin lambobi a bayansa. Akwai kuma ƴan ƙananan ɓoyayyun fayiloli .dwl da .dwl2 waɗanda ke nuna cewa zane a buɗe yake. Idan AutoCAD a rufe yake kuma suna nan, ragowar faɗuwa ce, a goge su babu laifi, amma ba su da nauyin da za su rage maka komai. ArchiCAD yana barin .bpn kusa da .pln, kuma waɗannan su ne masu nauyi a ɓangarensa. SketchUp yana barin .skb kusa da .skp. In yana taɓa Revit, zai ga gida.0001.rvt, gida.0002.rvt da sauransu, don Revit kwafi 3 yake riƙewa ga aikin mutum ɗaya in ba a rage masa ba, wato aiki ɗaya na cin wurin huɗu. Foldar da sunanta ya ƙare da _backup a aikin Revit da mutane da yawa ke yi tare, wannan ba a taɓa ta da hannu.

Kafin ka taɓa komai, sa Windows ya nuna maka ƙarshen sunayen fayiloli. A Windows 10 na Faransanci yana ƙarƙashin Affichage, ka sa alama a Extensions de noms de fichiers. In ba haka ba, fayil na asali da kwafinsa duk "gida" suna iya fito maka, hoton gefensu ne kawai ya bambanta, kuma a ƙaramin allo da yamma bayan ido ya gaji, mutum yakan goge na asali ya bar kwafin.

Sannan ka auna, don kada ka sha wahala a kan abin da ba shi ne ya cika diskin ba. Buɗe babbar foldar da kake tara ayyuka, ka danna layin adireshi na sama, ka rubuta cmd, ka buga Enter. Baƙar taga za ta buɗe a daidai wannan folda. Rubuta:

dir /s Backup_of_*.cdr

A ƙasan jerin zai ba ka yawan fayiloli da jimlar nauyinsu. Idan lambar ta kai alƙaluma goma, ta shiga giga. Maimaita da *.bak da *.bpn. Wannan umarni kallo kawai yake, ba ya goge komai. A shagon banderol jimlar Corel takan yi yawa, kuma dalilin hotuna ne. Banderol mai mita 3 a kan mita 2, idan hoton bayansa ya cika shi a 150 dpi (ɗigo 150 a kowane inci), ɗigo 17,700 ne a tsawo da 11,800 a faɗi, kimanin ɗigo miliyan 209. A launin CMYK, tsarin launi huɗu na ɗab'i, kowane ɗigo bayit 4 ne, wato kusan mega 840 kafin Corel ya matse shi. Wanda ya sa 300 dpi ya ninka wannan sau huɗu, ya haura giga 3, a kan abin da za a rataye a bakin titi a kalle shi daga nesa. Kowane irin wannan fayil kuma yana da tagwayensa na Backup_of. Zanen AutoCAD na gida mai ɗaki huɗu kuwa sau da yawa ƴan mega ne, don haka kada ka ɗora wa ƙanenka laifin cikar diski kafin ka ga lambobin. Ƙaramar manhaja irin WinDirStat ko TreeSize Free za ta zana maka diskin duka ka ga abin da ya fi girma. Wani lokaci za ka tarar bidiyon biki ne da aka kwafe daga wayar wani aka manta.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Waɗannan fayiloli, duk da sunansu, ba ajiya ba ce. Suna kan diski ɗaya, folda ɗaya da na asali. Kamar wanda ya raba kuɗinsa a aljihu biyu na riga ɗaya ne: ranar da rigar ta ɓata, duka biyun sun tafi. Diski ya mutu saboda zafin watan Afrilu da Mayu ko hawa da saukar wuta, ko ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli tana neman fansa ta shigo ta hanyar manhajar da aka fasa, ko a shiga shago da dare a ɗauke kwamfutar, babu abin da Backup_of zai yi maka. Saboda haka matakin farko na shara shi ne ka kwafe babbar foldar ayyuka gaba ɗayanta, da kwafin bayan da komai, zuwa diski na waje. Diski na gaske mai tera 1, ba kilen USB da masu kawo aiki ke ta sokawa a kwamfutoci goma ba. Ka duba tsarinsa ya zama NTFS ko exFAT, don FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, kuma zai tsaya a tsakiyar kwafi. In sabo ne kuma farashinsa ya yi araha da yawa, gwada shi da H2testw kafin ka amince. Akwai na jabu masu nuna babban wuri alhali ɗan kaɗan ne a ciki, suna karɓar fayil kamar gaske, sai ranar buɗewa a tarar ba komai. Bayan kwafi, buɗe manyan fayiloli biyar ko shida kai tsaye daga diskin wajen ka ga sun tashi. Wannan diski gida zai riƙa kwana, ba shago ba.

Sai neman marayu, wato kwafin da na asalinsu ya ɓace. Wannan yakan faru ta hanyoyi da yawa: an canza wa na asali suna, an yanke shi an kai kilen mai aiki maimakon a kwafa, ko an goge shi ana zaton shi ne kwafin. Sai ya zama Backup_of_tambarin_makaranta.cdr shi kaɗai ne tambarin da makarantar za ta dawo nema lokacin buɗe makarantu a watan Oktoba. Na .bak da .bpn suna da sauƙin gani, don in ka jera folda bisa suna kowanne yana manne da ɗan'uwansa, wanda ke tsaye shi kaɗai ya fito fili. Na Corel sun fi wuya, don harafin B yana tara su wuri ɗaya nesa da na asali. Ga layin da ke zaƙulo su. A layin adireshin babbar folda ka rubuta powershell maimakon cmd, ka liƙa wannan:

Get-ChildItem -Recurse -Filter "Backup_of_*.cdr" | Where-Object { -not (Test-Path -LiteralPath (Join-Path $_.DirectoryName $_.Name.Substring(10))) } | Select-Object -ExpandProperty FullName

Lambar 10 yawan haruffan Backup_of_ ce. Mai Corel na Faransanci ya sa nasa gaban sunan, ya ƙirga haruffansa har da ƴan layukan ƙasa, ya canza lambar. Duk abin da ya fito a wannan jeri ka buɗe shi ka gani. Wanda ke da amfani, cire Backup_of_ daga sunansa, ya koma fayil kamar kowane. Akwai kuma wata alama da ya kamata ta tsayar da kai ko da na asalin yana nan: kwafi mai mega 300 alhali na asali mega 2. Wannan yana nufin a ajiyar ƙarshe wani abu babba ya fita daga aikin, ko da gangan ko da kuskure, kuma sai ka buɗe duka biyun za ka sani.

Da ka gama da marayu, sai kwashewa. A diskin waje, mu ce E, za a yi folda mai suna Jira. A baƙar taga:

robocopy "C:\Ayyuka" "E:\Jira" Backup_of_*.cdr *.bak *.bpn *.skb /S /MOV /MINAGE:90 /L

Ka sa hanyar foldarka a madadin C:\Ayyuka; kwafe ta daga layin adireshi don kada harafi ya kuɓuce. /S yana shiga ƙananan foldoji, /MOV yana kwafa sannan ya cire daga tushe, /MINAGE:90 yana tsallake duk abin da bai kai kwana 90 ba, /L kuma gwaji ne, jeri kawai zai nuna ba ya motsa ko fayil ɗaya. Karanta jerin a natse. In ka gamsu, cire /L ka sake bugawa. Amfanin robocopy a kan ja da linzami shi ne yana gina foldoji a Jira daidai yadda suke a tushe, don haka Backup_of_kati.cdr na Alhaji wane ba zai danne Backup_of_kati.cdr na Hajiya wance ba, kuma in an zo nema ka san inda za ka duba. Kwana 90 ɗin ma ba tabbas ba ne ɗari bisa ɗari. Kwafin baya yakan ɗauki kwanan watan ajiyar da ta gabata, ba ta yau ba. Tsohon zanen da aka buɗe jiya aka gyara, .bak ɗinsa na iya nuna bara, ya bi sahun tsofaffi. Shi ya sa nake cewa a kwashe, kada a goge. Ka kuma lura, kwashewa daga wata folda zuwa wata a kan diski ɗaya ba ta ƙara maka ko mega ɗaya, haka ma jefawa kwandon shara har sai an zubar da shi.

Gargaɗi a kan .bak, kuma da gaske nake. Kada ka taɓa gudanar da wannan umarni, ko binciken *.bak, a kan C: gaba ɗaya. Ƙarshen .bak ba na AutoCAD kaɗai ba ne. SQL Server, manhajar Microsoft ta tara bayanai, da shi yake rubuta ajiyar rumbun bayanai, kuma manhajojin lissafi da na sarrafa kaya da dama a kansa suke zaune. In akwai irin wannan manhaja a kwamfutar shago, fayil ɗin .bak mai nauyi da ka gani na iya zama lissafin bashi da cinikin shekaru. Wanda ke kusa da .dwg mai suna ɗaya, shi ne na zane. Ga Revit, tsarin binciken da ya fi aminci shi ne *.00??.rvt, wanda ya rubuta *.0*.rvt zai kama har fayilolin da mutum ya sa wa suna irin gida.02.rvt da hannunsa.

Bayan wata guda, in babu wanda ya zo cigiyar komai, goge foldar Jira. Dalilin wannan haƙuri shi ne diskinka SSD ne. A tsohon diski mai juyawa, abin da aka goge yakan zauna har sai an rubuta wani a kansa, manhaja irin Recuva na iya tsamo shi. A SSD kuwa Windows yana aika umarnin TRIM, diskin ya share wurin da kansa ba da daɗewa ba, mai gyara ma ba shi da abin yi. Umarnin del a baƙar taga da Shift+Delete ba sa bi ta kwandon shara, haka ma abin da aka goge daga kilen USB ko daga foldar wata kwamfuta ta hanyar sadarwa.

Saura foldar wucin gadi, inda nake zaton matsalar Photoshop ɗinka take. Photoshop yana aron wurin diski yana aiki a kai, yana rubuta fayiloli masu suna Photoshop Temp da lambobi. In ya rufe lafiya yakan share su. In wuta ta yanke shi, suna zama, kuma ɗaya na iya kai giga masu yawa. Ka rufe dukan manhajoji, ka sake tayar da kwamfuta, danna maɓallin Windows da R, rubuta %TEMP%, zaɓi duka ka goge, wanda ya ce ana amfani da shi ka tsallake. Amma da sharaɗi ɗaya: ba a share wannan folda a ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sai kowa ya buɗe manhajarsa ya dawo da abinsa. AutoBackup_of da .sv$ a nan suke kwana. Ƙanenka ya rubuta _DRAWINGRECOVERY a AutoCAD ya ga abin da ke jiran ceto, kai kuma ka buɗe Corel ka karɓi abin da ya miƙo maka, ka adana shi da sabon suna nan take. Manhajojin share-share da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfuta su ma wannan folda suke fara sharewa, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarta. A kwamfutar zane ka kashe musu wannan tashi. In Photoshop ya ƙi buɗewa saboda rashin wuri, riƙe Ctrl da Alt yayin da yake tashi, zai ba ka zaɓin wani diski. Ni dai ba na son SSD mai giga 256 da ake zane a kai ya rage ƙasa da giga 40 a buɗe.

Za ka ji masu cewa a kashe kwafin baya gaba ɗaya a huta. Ana iya yi: a Corel, Ctrl+J ka shiga ɓangaren adanawa ka cire alamar, a AutoCAD ka mayar da saitin ISAVEBAK zuwa 0. Ban ba ka wannan shawara ba. A garin da wuta ke iya ɗaukewa daidai lokacin da fayil mai mega 500 ke rubutuwa, na asalin ne ke lalacewa, kuma Backup_of shi ne ke fitar da kai kunyar mai aiki. Gara ka rage lokacin ko-ta-kwana: SAVETIME na AutoCAD zuwa minti 5, na Corel zuwa 10, sai dai a manyan banderol za ka ji yana ɗan tsayawa duk lokacin da yake rubutawa. Onduleur (UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke) mai batiri lafiyayye, ko da minti biyar yake riƙewa, ya isa a danna Ctrl+S a rufe.

Sababbin Corel suna ba da damar tura kwafin baya zuwa folda ɗaya da ka zaɓa, AutoCAD cikakke kuma yana da MOVEBAK cikin Express Tools mai yin haka. Wannan yana sa foldojin aiki su yi tsabta, shara ta zama ta wuri ɗaya, kuma in ka sa kwamfutar diski na biyu ka tura su can, ka raba su da na asali. Illarsa ita ce sunaye: a folda ɗaya, duk fayil biyu masu suna ɗaya kwafinsu zai danne juna. Shagon da ke da kati.cdr talatin a foldoji talatin zai wayi gari da Backup_of_kati.cdr guda ɗaya tak. Kafin ka kunna wannan, sai kun saba sa wa fayil suna da shekara, wata, sunan mai aiki da irin aikin, kamar 2025-03_wane_katin-aure.cdr. In za a yi babban gyara, misali mai aure ya canza rana da wurin ɗaurin aure bayan an gama tsari, a adana da sabon suna mai _2 a ƙarshe, a bar na farko yadda yake. Ranar da aiki ya fita, a fitar da PDF mai rubutun da aka mayar zane da Ctrl+Q don kada rashin nau'in harafi ya ɓata shi a wata kwamfuta, a ajiye shi tare da .cdr na ƙarshe wanda rubutunsa ke gyaruwa, a kai su diskin waje. Sharar robocopy ɗin kuma sau ɗaya a wata uku ta wadatar, a lokacin da aiki ya lafa, ba cikin turmutsutsun kalandar ƙarshen shekara ko na bukukuwan bayan Salla ba.